Sunan Matacciya Ba Kayan Tsintuwa Ba Ne

Dare uku na yi ina karanta wani ƙagaggen labari da wani abokina ya turo mini, kuma ba zan ɓoye ba, ya riƙe ni ƙam. Ga yadda zaren yake. Wata shahararriyar 'yar fim ta birnin Shanghai, wadda duniya ta ɗauka ta mutu a 1935, ashe tana raye. Akwatin gawar da aka ratsa titunan birnin da shi, duwatsu ne a ciki. Wata ƙungiyar asiri ce ta ɗauke ta cikin dare, ta rantsar da ita a gaban turare da jinin zakara, ta koya mata harbi da warware wasiƙun sirri, sannan ta tura ta cikin manyan hafsoshin Japan tana yi musu murmushi tana kwashe asirinsu. Marubucin ya iya aikinsa, ya san inda zai ja numfashin mai karatu. Sai dai bai wahalar da kansa wajen raɗa wa jarumarsa suna ba. Sunan wata mace ta gaskiya ya ɗauka, da fuskarta, da mazan da ta zauna da su, da ranar mutuwarta: Ruan Lingyu.

A lokacin ban san ta ba. Da na gama labarin sai na tafi neman ko wace ce, kuma abin da na tarar shi ya hana ni sakat. Ra'ayina a yau shi ne, wannan irin rubutu, duk daɗinsa, zalunci ne ga matar da aka ari sunanta. Zaluncin kuma ya fi tsanani idan labarin na leƙen asiri ne, matar kuma tana cikin 'yan fim na farko na ƙasar Sin, saboda wani dalili da ke cikin tarihinsu.

An haifi Ruan Lingyu a Shanghai a 1910. Mahaifinta ma'aikaci ne talaka, ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ta shiga aikatau a gidan wasu masu kuɗi da ake kira iyalin Zhang. Tana 'yar shekara 16 ta faɗa hannun ɗan gidan, Zhang Damin, ɗan caca wanda bai iya riƙe kuɗi ba. Neman abin sawa a baka ne ya kai ta kamfanin fim na Mingxing, inda fim ɗinta na farko ya fito a 1927. Daga 1930 ta koma kamfanin Lianhua, a nan tauraruwarta ta haska. Zamanin finafinai marasa magana ne, babu muryar da za ta taimaki ɗan wasa, komai a fuska yake da kafaɗa da tafiya. Ta yi finafinai 29 cikin shekara tara, akasarinsu sun ɓace. Ɗaya daga cikinsu ma, na 1931, sai a shekarun 1990 aka tsinci kwafinsa a can Uruguwe, a Kudancin Amurka.

Wanda ya fi shahara shi ne Shennü na 1934, wanda Wu Yonggang ya ba da umarni. Sunan yana da harshen damo a Sinanci: yana nufin abar bauta mace, kuma da shi ake sakaya sunan karuwa. Ta fito a matsayin uwa mai sayar da kanta da dare domin ta ciyar da ɗanta ta sa shi a makaranta. Bayansa sai Xin Nüxing, wato Sabbin Mata, na darakta Cai Chusheng, wanda ya fito a farkon 1935. An gina shi kan rayuwar wata 'yar fim mai suna Ai Xia, wadda ta kashe kanta a 1934 bayan jaridu sun sa ta gaba. Fim ɗin ya nuna 'yan jarida a matsayin masu cin abinci da mutuncin mata, ƙungiyarsu ta yi ca, aka tilasta wa kamfanin ya yanke wasu wurare. A ƙarshen fim ɗin jarumar tana kwance a gadon asibiti tana kururuwar cewa tana son ta rayu.

A daidai wannan lokaci rayuwar Ruan ta gida ta dagule. Ta rabu da Zhang, tana zaune da wani attajirin ganyen shayi, Tang Jishan, mutumin da ya taɓa ɗaukar wata tauraruwar, Zhang Zhiyun, ya yar da ita. Zhang Damin ya maka su a kotu, kuɗi yake nema. Ƙananan jaridun tsegumi na Shanghai, waɗanda fim ɗinta ya riga ya ɓata musu rai, suka samu abin da suke jira. Kullum da sabon labari a kanta, na gaskiya da na ƙarya a cakuɗe. A ranar 8 ga Maris 1935, ana gab da zaman kotu, ta kashe kanta. Shekararta 24. An ruwaito cewa mutane kusan 300,000 ne suka cika tituna ranar jana'izarta.

To ga abin da ya fi tsaya mini a rai. An buga wata takarda da aka ce ita ta bari, mai ɗauke da jimlar da ta zama karin magana a ƙasar Sin, cewa bakin mutane abin tsoro ne. Babban marubucin nan Lu Xun ya ɗauki jimlar ya yi maƙala a kanta a wannan shekarar, yana cewa jaridar da ba ta iya ɗaga kai a gaban masu mulki, ita ce take da ƙarfin murƙushe mace irin Ruan. Amma daga baya masu bincike suka kawo hujjar cewa Tang Jishan ne ya sa aka rubuta takardar domin ya kawar da ido daga kansa, kuma akwai wata takardar daban da wata ƙaramar jarida ta buga, wadda a cikinta mazan nan biyu ta ɗora wa laifi. Ka ga ke nan, hatta kalmominta na ƙarshe ana jayayya ko nata ne ko wani namiji ne ya sa mata a baki. Macen da tana raye wasu ke rubuta mata rayuwa, ta mutu wasu suka rubuta mata wasiyya, ita ce kuma yau wani zai zauna a ɗakinsa ya rubuta mata sabuwar rayuwa ta uku, da bindiga a jaka da hafsan Japan a gado.

Na fahimci abin da ke jan marubuta zuwa wannan wuri, domin Shanghai ta wancan zamani ba ta buƙatar ƙari. Birni ne da aka kasa uku: yankin da Faransawa ke mulki, yankin haɗakar ƙasashen waje da Birtaniya ta fi ƙarfi a ciki, da yankin Sinawa. Mai laifi ya tsallaka titi ya fita daga hannun 'yan sandan da ke binsa. Akwai ƙungiyar asiri ta gaske, Qing Bang, wadda ta samo asali daga masu tuƙa jiragen hatsi a babbar mashigar ruwan ƙasar, tana da rantsuwarta da tsarin uban gida da yaransa. Huang Jinrong babba ne a cikinta, kuma shi ne babban jami'in bincike Basine a rundunar 'yan sandan yankin Faransawa. Du Yuesheng ya riƙe cinikin ofiyom da gidajen caca, ya kuma zama mai banki da ake gayyata taron manya. Yaran ƙungiyar ne suka taya Chiang Kai-shek, jagoran 'yan kishin ƙasa na Sin, kisan 'yan kwaminis da 'yan ƙwadago a ranar 12 ga Afrilu 1927. Ga Dai Li, shugaban hukumar leƙen asirin soja ta gwamnatin Chiang, wanda jin sunansa kawai ke sa mutane rage murya. Bayan Japan ta mamaye birnin, ga gida mai lamba 76 a titin Jessfield, hedikwatar 'yan sandan ciki na Sinawan da suka bi Japanawa, inda ake shiga da mutum ba a sake ganinsa. Duk wannan yana faruwa a unguwannin da ake ɗaukar finafinai. Marubucin da ya ga kayan miya haka jibge, dole hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

Sai dai a duba da me ake ƙera labarin 'yar leƙen asiri. Dole ta kasance mai fuska biyu. Abin da take nunawa a fili ƙarya ne, gaskiyarta tana ɓoye a wani ɗaki. Hawayenta dabara ce, soyayyarta tarko, jikinta kuma makami. Yanzu a koma a karanta abin da jaridun tsegumi na 1935 ke faɗa a kan 'yan fim mata. Ai shi ke nan, kalma da kalma: kada ku ruɗu da fuskar salihai da take yi a majigi, akwai abin da take ɓoyewa, kuma da maza take cin abinci. Marubucin leƙen asiri ya ɗauki wannan zargi ɗungurungum, ya ɗaura masa tutar kishin ƙasa, ya ce yabo ne. Tufar ce aka sake, amma gulmar tana nan yadda take.

Wanda ke ganin na yi tsanani, ya dubi abin da ya sami takwararta Hu Die. Ita ce ta fito a fim mai magana na farko na ƙasar Sin a 1931, kuma a 1933 masu karanta wata jarida suka zaɓe ta sarauniyar fim da ƙuri'a 21,334, Ruan ta zo ta uku. A daren 18 ga Satumba 1931 sojojin Japan suka fara mamaye Manchuriya, sojojin Janar Zhang Xueliang kuma ba su yi turjiya ba. Sai magana ta bazu cewa a wannan dare janar ɗin yana can birnin Beijing yana rawa da Hu Die. Wani malami mai suna Ma Junwu ya saka zancen a waƙa, jaridu suka buga. Ƙarya ce tsagwaronta. Hu Die ba ta ma cikin birnin a daren, ta buga sanarwa a jarida cewa ba ta taɓa haɗuwa da mutumin ba, abokan aikinta suka shaide ta. Amma waƙa ta fi sanarwa ƙafa. Shekaru da dama mutane suna kallonta a matsayin macen da ta shagaltar da janar aka ci ƙasa.

Ba a bar ta haka ba. Da Japan ta kama Hong Kong a ƙarshen 1941, Japanawa suka nemi ta yi musu fim na farfaganda, ita kuwa ta sulale da iyalinta a 1942 ta nufi yankin da ba su kama ba, har ta isa Chongqing. A hanya akwatunan kayanta suka ɓace, kuma wannan magana ce ta haɗa sunanta da Dai Li. Har wata budurwa mai suna Yang Huimin, wadda ƙasar ta taɓa jinjina wa saboda tutar da ta kai wa sojojin da aka yi wa ƙawanya a Shanghai a 1937, ta shafe shekaru a kurkuku a kan zargin ɓatan kayan. Daga nan labari ya kafu cewa Hu Die ta zama farkar shugaban 'yan leƙen asiri har ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 17 ga Maris 1946. Babban tushen labarin shi ne rubutun Shen Zui, tsohon yaron Dai Li, wanda ya rubuta tunaninsa bayan ya shafe shekara goma a tsare a hannun gwamnatin kwaminis, a zamanin da baƙanta tsohon ubangidansa ke da riba. Masu bincike sun rabu a kan maganar har gobe. Amma littattafai da wasannin talabijin ba su jira kowa ba, sun ɗauka sun yi ta yayyafa mata gishiri. Hu Die ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinan Asiya a 1960, ta koma Kanada a 1975, ta rasu a Vancouver a 1989. Yau ka nemi sunanta a intanet, kafin ka ga jerin finafinanta sai ka ga sunan Dai Li. Wannan shi ne abin da ƙagaggen labari ke yi wa mace ta gaskiya: yana maƙale mata kamar kaska, ya rigayi aikinta isa ko'ina.

Na san amsar masu kare irin wannan rubutu, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce adabi ya daɗe yana aron mutanen tarihi, kuma kowane mai hankali ya san bambancin labari da tarihi. Wasu ma za su ƙara da cewa alheri suka yi wa Ruan: tarihi ya ba ta rauni da mutuwa, su kuma sun ba ta ƙarfi, sun raya ta, sun sa ta rama. Wannan hujja ta biyu ita ta fi taɓa ni, domin ni ma da nake karatun na ji daɗin ganin ta tsira. Wa zai ƙi?

Amma da na natsu sai na ga abin da ke ƙarƙashin wannan alheri. Ana nufin rayuwarta yadda take ba ta isa labari ba, sai an ɗora mata bindiga. 'Yar mai aikatau, wadda ta hau kan sana'ar da ba a daɗe da ƙirƙiro ta ba, ta koya wa kyamara yadda baƙin ciki ke tafiya a fuskar mutum ba tare da kalma ɗaya ba, har bayan shekara casa'in ana koyar da wasanta a makarantun fim, wai wannan duk shimfiɗa ce, ainihin jarumtar sai ta harbe wani. Labarin da na karanta ma cewa ya yi fim ɗin da take yi rufa-ido ne kawai don aikin ƙungiya. Abu ɗaya tak da ta mallaka da guminta, wanda babu namijin da ya ba ta, shi aka mayar mayafin ƙarya. Kuma cewa ba ta mutu ba yana wanke mutane da yawa. Idan akwatin duwatsu ne a ciki, to Zhang bai yi komai ba, Tang bai yi komai ba, jaridun ma wasa suka yi. Mai karatu ya samu sauƙin zuciya, masu laifi sun samu afuwar da ba su roƙa ba.

Batun cewa adabi ya saba aron mutanen tarihi kuwa, gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin wanda ake ara. Idan ka saka Chiang Kai-shek ko Du Yuesheng ko Dai Li a labari, ka taɓa mutanen da suka riƙe wuyan jama'a, suna da ɗakunan ajiyar takardu, da magoya baya, da masana da suka ƙare rayuwarsu a kansu. Ƙaryarka ɗigo ce a kogi, kuma wanda ya mulki mutane dole ya haƙura da bakinsu. 'Yar fim ta shekarun 1930 ba ta da wannan garkuwa. Finafinanta sun ƙone ko sun ruɓe, abin da ya rage a kanta a rubuce yawanci jaridun da suka ci mutuncinta ne suka rubuta. A irin wannan fili, labari ɗaya mai daɗi yana iya zama shi ne tarihin gaba ɗaya.

Ba kuma cewa nake kada a taɓa rayuwarta da fasaha ba. Darakta Stanley Kwan na Hong Kong ya yi fim a kanta a 1991, Maggie Cheung ta fito a matsayin Ruan har ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Berlin a 1992. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya ƙi yaudarar mai kallo. Yana nuna wasan kwaikwayon, sai ya yanke ya nuna guntayen finafinan Ruan na asali, sai ya nuna tsofaffin da suka yi aiki da ita suna ba da labari, sai ya nuna 'yan wasansa suna tattauna abin da suka gane da wanda ya shige musu duhu. Kullum kana sane da inda shaida ta tsaya da inda hasashe ya fara. Wannan ladabi ne ga mamaci, kuma bai rage wa fim ɗin kyau ba ko kaɗan.

Su kansu Sinawa sun taɓa kai irin wannan magana gaban alƙali. A 1987 wata jaridar yamma ta birnin Tianjin ta riƙa buga wani ƙagaggen labari kashi-kashi a kan wata mawaƙiyar dandali, Ji Wenzhen, wadda ta rasu a 1944 tana 'yar shekara 19. Marubucin ya yi amfani da sunanta na gaskiya, ya ƙirƙiro mata samari, ya sa shugabannin 'yan daba na birnin sun keta mata haddi, ya kuma yi shaguɓe a kan irin cutar da ta kashe ta. Abin da bai lissafa ba shi ne mahaifiyarta, Chen Xiuqin, tana raye. Tsohuwar ta je ta roƙi jaridar ta daina, aka ƙi, ta kai ƙara. A 1989 kotu ta ba ta gaskiya, kotun ƙolin ƙasar kuma ta bayyana cewa mutuncin mamaci abin karewa ne. Yau wannan ƙa'ida tana cikin kundin dokokin farar hula na ƙasar da ya fara aiki a 2021, inda dangi na kusa ke da damar kai ƙara. Ina yawan tuna tsohuwar nan, tana buɗe jarida kowace yamma tana karanta yadda wani baƙo ke tuɓe 'yarta da ta binne shekara arba'in da uku da suka wuce.

Duk da haka ba doka nake kira a kafa ba, kuma ina so a ji ni da kyau a nan. Ƙasar Sin ɗin dai tana da wata dokar ta 2018 ta kare sunan jarumai da shahidan ƙasa, wadda daga 2021 ɓata sunansu ke iya kai mutum ɗaurin shekara uku, kuma an yi amfani da ita a kan masu tambayar tarihin da hukuma ta amince da shi. Sandar da aka sassaƙa don kare mamaci tana saurin komawa hannun mai mulki. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi wuya: marubuci ya ji kunya da kansa. Idan kana son 'yar fim mai leƙen asiri a Shanghai, raɗa mata suna, ka ba ta unguwarta da uwarta, ka sa ta gifta Du Yuesheng a bakin gidan rawa in ka so. Babu abin da labarin zai rasa sai abu guda, wato kasuwar da sunan matacciyar ke jawowa. In kuwa don wannan kasuwa aka ari sunan, to a daina kiransa girmamawa.

Wani abin takaicin shi ne akwai matan da suka yi leƙen asirin da gaske, kuma abin da ya same su ya isa ya sa mai alƙalami ya yi taka-tsantsan. Zheng Pingru, wadda hotonta ya fito a bangon mujallar Liangyou a 1937, uwarta Bajapaniya, ta kutsa jikin Ding Mocun, shugaban gida mai lamba 76, ta ja shi zuwa wani kantin rigunan fata a Disamba 1939 inda 'yan bindiga ke jira. Ya tsere, aka kama ta, aka harbe ta a Fabrairu 1940. Da fim ɗin darakta Ang Lee na 2007 ya fito, wanda jama'a suka danganta da labarinta, mai nuna 'yar leƙen asirin da ta kamu da son wanda aka aike ta kashewa, ƙanwar Zheng da ta tsufa a Amurka ta fito ta nuna ɓacin ranta. A nan ma fa ba a ambaci sunan Zheng a fim ɗin ba. Sai Guan Lu, marubuciya kuma mai waƙe, wadda 'yan kwaminis suka tura cikin masu bin Japanawa a 1939. Ta karɓi sunan maciya amanar ƙasa ta yi shiru, domin aikin ya hana ta kare kanta. Bayan yaƙi waɗanda suka aike ta ɗin suka ɗaure ta sau biyu, jimillar shekara goma. Sai a Maris 1982 aka wanke ta, a Disamba na wannan shekara ta kashe kanta. A wancan zamani da wurin, kalmar 'yar leƙen asiri ba ado ba ce da za a rataya wa mace don ta yi kyau a bangon littafi. Kalma ce da ke kai mutum bakin rami.

Me ya shafe mu, mu da ke karatu da Hausa, nesa da Shanghai? Ya shafe mu ta hanyar da ta shafe ni. Mun tashi muna kallon finafinan Sinawa na faɗa a gidajen kallo, amma tarihin masu yin su bai iso mu ba. Basine da ya karanta labarin nan ya riga ya san Ruan tun yana yaro, zai iya ware tsaki da tsakuwa. Ni kuwa ta ƙofar ƙarya na fara shiga, kuma da ban koma na bincika ba, da har yau Ruan Lingyu 'yar ƙungiyar asiri ce a kaina, da na faɗa wa wani, shi ma ya faɗa wa wani. Sannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu yadda ake yi da sunan 'yar fim. Mun ga yadda hoto ɗaya ko jita-jita ɗaya ke zagaye wayoyi kafin azahar, kowa ya zama alƙali, ita kuma a ce ai ita ta fito da kanta. Mu ne kuma aka karantar da mu cewa gulma cin naman ɗan'uwa ne matacce, aka hana mu zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ban ga inda aka ce hanin ya faɗi idan matacciyar 'yar fim ce, ko idan gulmar an tsara ta babi-babi ba.

Bayan na ajiye labarin, na nemi Shennü na kalla, yana nan a intanet, an ma gyara hotonsa. Akwai wurin da uwar ta sa ɗanta a makaranta, yana waƙa a dandali ranar biki tana kallonsa fuskarta cike da haske, sai matan da ke zaune kusa da ita suka fara raɗa a kunnen juna. Ba a jin abin da suke faɗa, fim ɗin ba shi da murya. Kyamara tana bin bakunansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dawo kan Ruan, ka ga hasken yana janyewa daga fuskarta a hankali. Aka kori yaron. A ƙarshe, bayan ta kashe ɗan dabar da ya sace kuɗin da take ɓoyewa a ramin bango, aka yanke mata shekara 12. Shugaban makarantar ya zo kurkuku ya ce zai riƙe yaron, ita kuma ta roƙe shi abu ɗaya, cewa idan yaron ya girma a gaya masa uwarsa ta mutu tuntuni, don kada sunanta ya bi shi. Wata uku bayan fitowar fim ɗin aka binne Ruan.